Idon Dama

Shekara goma sha tara Sannu-Sannu ya yi yana jan doguwar bas ɗin kamfanin buhuna, kuma a duk tsawon shekarun nan ko kaza bai taɓa takawa ba. Ma'aikatan da yake kwasa safe da yamma su ne suka laƙaba masa sunan, don ko sun makara, ko manaja zai cinye su ɗanye, shi dai ba ya ƙara wuta. Kafin ya murza makulli sai ya ɗora hannu biyu a kan sitiyari, ya sunkuyar da kai, ya roƙi Ubangiji Yesu ya karɓi tuƙin. Masu tsokana daga kujerun baya sukan ce to a gaya wa Mai tuƙin ya ɗan taka, an kusa rufe ƙofa. Shi kuwa ya yi dariya ya sa giya.

Abin da ba su sani ba shi ne idonsa na dama ya mutu. Bai yi ja ba, bai yi ciwo ba, ko ƙaiƙayi bai taɓa yi masa ba. Duhun daga gefe ya faro, yana matsowa a hankali, har ya zama kamar ta cikin bututu yake leƙen duniya, daga baya bututun ma ya cika da hayaƙi. Ya saci jiki ya je wurin wani likita can ƙarshen gari inda ba wanda ya san shi. Likitan ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ya tafi, sai dai a yi ƙoƙarin ceto na hagu. Ya rubuta masa maganin ɗigawa, sannan ya tambaye shi sana'arsa. Da ya ji amsar sai ya ajiye biro ya ce daga ranar ya daina.

Faɗar ta fi aikatawa sauƙi. Makullin bas ɗin nan tare yake da makullin gida, a zobe ɗaya ma yake rataye su. Ɗaki biyu da falo ne a kwatas ɗin kamfani, kuma dokar a fili take: wanda ya bar aiki, wata guda ake ba shi ya kwashe nasa ya nasa. A gidan aka kawo masa amaryarsa, a nan aka haifi 'yan matansu biyu. Maman yara ta dasa lemo a bayan taga tun yana ɗan tsiro, yanzu ya fi rufin tsawo. A jikin ƙyauren ɗakin yara akwai zane-zanen fensir inda ake auna tsawonsu duk shekara. Ba su da wani gida a ko'ina, ba su da fili, ba su taɓa tunanin za su buƙata ba.

Matarsa kaɗai ya gaya wa. Ta yi kukanta ta share, ta ɓoye maganin cikin gwangwanin zare da allura, ta ce kada ya sake wani ya ji, ko da fasto ne.

To, kamfanin ba wawa ba ne, duk shekara ana gwada idon direbobi a ɗan asibitin da ke cikin harabar. Sai dai kamfanin malalaci ne. Allo ɗaya ne a bangon tun kafin a ɗauki Sannu-Sannu aiki, har ya yi rawaya. A jikinsa akwai wata alama mai ƙafa uku, layi-layi, tana ƙanƙancewa zuwa ƙasa, kai kuma kana zaune can nesa, an rufe maka ido ɗaya, kana faɗin inda ƙafafun suka nufa: sama, ƙasa, dama ko hagu. Direbobi kuwa ba su rasa wayo ba. Tuntuni suka haddace allon daga sama har ƙasa, suka mai da shi waƙa, har da kiɗa a jikin bonet. Malamin waƙar shi ne Ciyaman, shugaban direbobin, wanda kuma yayan Maman yara ne uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne ma ya nema wa Sannu-Sannu aikin tun yana saurayi. Duk shekara idan gwaji ya ƙarato sai ya tara su a rumfar gareji a yi bita ana ƙyalƙyala dariya. A da Sannu-Sannu don raha kawai yake bin su. Bara kuwa da waƙar ya wuce.

Kada a ce bai sani ba. Ya sani sarai. Tun daga ranar da ya fito daga wurin likitan nan, duk safiyar da ya sunkuyar da kai a kan sitiyari magana ɗaya yake ji a zuciyarsa: ajiye makullin. Ba murya ce daga sama ba, ba mafarki ba ne. Sani ne kawai, irin wanda mutum kan yi idan ya fita ya bar wuta a kunne. Shi kuma maimakon ya amsa sai ya ƙara tsawon addu'ar. Ya ƙara azumi, ya koma zuwa sujadar tsakiyar mako, ya karɓi sharar coci da ba wanda ya ɗora masa. Komai ya miƙa wa Allah, ban da abu ɗayan da aka tambaye shi.

Sau ɗaya ya taɓa gwada maganar da matarsa, suna shanya kaya da rana. Ta tsaya da rigar yarinya a hannu tana kallonsa kamar ya zare.

"Baban yara, Allahn da ya tsare ka shekara goma sha takwas shi ne zai gaji a ta goma sha tara? Ba kai ke cewa shi ke tuƙin ba? To ka dogara gare shi mana."

Maganar ta yi masa daɗi ƙwarai, ya riƙe ta gam. Dogara ga Allah abu ne mai zaƙi idan ba zai tashe ka daga inda kake zaune ba. Ya sayi ƙarin madubi ya ɗaura a dama, ya koyi juya kansa gaba ɗaya kafin ya karya kwana. Fasinjoji suka lura, ya ce musu wuya ne ke damunsa, har wata ta kawo masa man shafawa.

A shataletalen da ke kusa da kamfanin akwai wata tsohuwa mai sharar titi, 'yar ƙarama, cikin rigar aiki ruwan lemo da ta yi mata yawa. Sun yi shekaru suna gaisawa ba tare da sun taɓa magana ba. Shi ya danna ham sau biyu, ita ta ɗaga tsintsiya. Ran wata Talata da safe, bas cike, wani mai babur ya sheƙo ta hagu ya shiga gabansa. Sannu-Sannu ya ɗan kauce dama, kaɗan kawai, zuwa inda ya yi imani ba kowa. Ƙarar ba ta da yawa, kamar an ƙwanƙwasa ƙofa sau ɗaya. Sai matan da ke gefen taga suka sa ihu.

Da ya sauko ya zagaya, ya same ta zaune a bakin kwalbati, tsintsiyar ta karye biyu. Mutane suka kama ta ta miƙe tana cije leɓe. Kafin ya buɗe baki ita ta riga shi.

"Yi haƙuri, ɗana. Ni ce na shigo maka hanya."

Ba ta shigo ba. Da idonsa mai rai ya ga tarin sharar da take haɗawa, ya ga takalminta guda, duk a cikin layin da mota ba ta da hurumin shiga, ya kuma ga sawun tayarsa a kai. Amma fasinjoji sun riga sun yanke hukunci. Wannan direban, in ji su, ko a mafarki ba ya ganganci, tsufa ne kawai ya sa baba ba ta ji zuwan mota ba. Ya ce a kai ta asibiti, ta ƙi, ta ce idan mai duba su ya zo bai gan ta ba zai ba wata wurinta. Aka tsinto mata takalmin, ya koma ya tada mota. Gaskiyar tana bakinsa a lokacin, ya haɗiye ta.

Ran Lahadi, da aka zo lokacin ba da shaida, Maman yara ta zungure shi da gwiwar hannu. Ya tashi gaban jama'a ya ce Allah ya tsare shi daga mummunan haɗari, ba a rasa rai ba. Aka tafa, aka yi waƙa, fasto ya ce ga ribar mai sa Allah a gaba. Ya dawo ya zauna yana jin ƙyamar kansa, irin wadda bai taɓa ji ba tun da aka yi masa baftisma.

Tun washegarin haɗarin bai sake ganin tsohuwar ba. Ya ce hutawa take. Sati ya zagayo, sai ga wata mace daban cikin rigar ruwan lemon, ya danna ham ko ɗagowa ba ta yi ba. Sai da aka yi sati uku ya iya tattara ƙarfin hali, ran Asabar ya taka da ƙafa ya tambaye ta. Ta ce ai baba ta kwanta, ta yi masa kwatancen gidan.

Ɗaki ɗaya ne a bayan wani injin niƙa, bangon yana kaɗawa duk lokacin da aka tada injin. Tsohuwar na kwance a kan katifa a ƙasa, ɗakin yana warin fitsari da man zafi. 'Yarta ta ce ƙashin ƙugu ne ya tsage, ranar da ƙyar ta ƙarasa sharar, tun da ta kwanta kuma ba ta sake tashi ba, sai an juya ta. Tsohuwar kuwa murna ta yi da ganinsa. Ta gaya wa 'yar cewa wannan shi ne direban kirkin nan da take ba ta labari, mai sunkuyar da kai kafin ya tashi, dubi yadda ya tako har nan saboda kuskuren da ba nasa ba. An ba shi kujera ta yadda katifar ta faɗo a damansa, don haka sai da ya juya kai gaba ɗaya kafin ya ga fuskarta. Ta tausaya masa, ta ce ta daɗe da lura da wuyan nan nasa, ya daure ya nemi magani. Ya ajiye ledar lemon da ya tsinko daga gida, ya yi sallama, ya fito bai faɗi komai ba.

Gwajin ido ya faɗo ran Litinin. Da safe Ciyaman ya tara su a rumfa aka yi bita, su goma sha ɗaya, ana buga bonet. Ya dafa kafaɗar Sannu-Sannu ya ce surukina ka saki ranka, ko makaho aka kawo masa zai fitar da shi da takarda. Aka yi dariya. Suka jeru a benci a wajen asibitin, ana kiransu ɗaya bayan ɗaya.

Nas ɗin sabuwa ce, yarinya mai fara'a, ba ta fi babbar 'yarsa da yawa ba. Ta rufe masa idon dama, ya karanta da na hagu tsakani da Allah. Ta mai da marufin kan na hagu. Allon ya ɓace, bangon ya ɓace, ita kanta ta ɓace, sai hayaƙi da ɗan haske daga wajen taga. Ya yi niyyar yin shiru, Allah ya sani ya yi niyya. Amma ta ce bismillah Baba, layin farko, sai bakinsa ya kama aiki shi kaɗai. Sama, hagu, hagu, ƙasa. Dama, sama, ƙasa, dama, hagu. Har layin ƙarshe, wanda ko mai lafiya sai ya ƙanƙance ido. Ta buga hatimi, ta miƙa masa takarda, ta ce idonsa ya fi nata.

Ya kai bakin ƙofa, ya kama mariƙin. Ƙarin shekara guda kenan a hannunsa, da gida, da lemo, da komai. Ba wanda ya kama shi, ba kuma wanda zai kama shi. A nan ne ya gane cewa Allah ba zai ƙwace makullin daga hannunsa ba. Shekara guda yana jira a ƙwace, don ya ce ƙaddara ce. Za a bar shi da shi ne, ya ci gaba da sunkuyar da kai kowace safiya, har ranar da ƙarar ba za ta zama kamar ƙwanƙwasa ƙofa ba. Tsoro ya kama shi sosai. Ya saki ƙofar ya dawo ya ajiye takardar a kan tebur.

"'Yata, da idon dama ban ga komai ba. Ko ke ban gani ba."

Ta yi dariya, ta ɗauka tsokana ce irin ta dattawa. Sai ya ɗauki kujerar ya juya ta, ya zauna ya ba allon baya, ya rera mata shi daga sama har ƙasa. Kafin ya gama dariyar ta ɗauke. Ta dubi allon, ta dubi takardun mutum shida da ta riga ta buga wa hatimi, ta dubi taga. Ta tagar ana hango benci, Ciyaman na zaune a tsakiya yana ba da labari da hannu biyu.

"Baba, kai kaɗai ne ka haddace shi?"

Wannan bai shirya mata ba. A lissafinsa kansa kawai zai miƙa. Yana iya cewa e, ba wanda zai musa, kuma ko Allah, a ganinsa, ai ya samu abin da ya nema. Amma ya san waɗanda ke kan bencin nan. Ya san wanda ba ya iya karanta lambar motar da ke gabansa, ya san wanda ke bin fitilar wasu idan hadari ya haɗo. Ya kuma san motarsa gobe ɗaya daga cikinsu za a ba, da mutum sittin a ciki.

"A'a," ya ce.

Cikin kwana biyu aka cire tsohon allon, aka kawo likita daga waje da na'urarsa. A cikin su goma sha ɗaya, huɗu ne suka faɗi, har da Ciyaman. Manaja ya kira Sannu-Sannu ofis, ya yaba masa, ya ce irinsa ƙasa ke buƙata, ya miƙa masa takardar sallama da hannu biyu. Da ya kawo maganar tsohuwar, manajan ya ce ya rubuta, za a duba. Har yau ana dubawa. Ya koma bayan injin niƙa da kansa ya faɗi abin da ya faru ranar Talatar nan, bai rage komai ba. 'Yar ta yi masa wankin babban bargo, ta watso masa lemonsa waje. Tsohuwar ba ta zage shi ba. Ta dai roƙi a juya ta ta fuskanci bango.

Ciyaman ya zo gidan sau ɗaya, bai zauna ba. A gaban yaran ya ce shi ya ɗauko shi daga tasha ba shi da ko takalmin kirki, ya ba shi aiki, ya ba shi ƙanwa.

"Kai idonka ya mutu, mun ji. Namu kuma me ya yi maka da ka ƙwaƙule?"

Sannu-Sannu ya ce, "Yaya, ka gafarce ni," bai ƙara ba, don duk abin da zai ƙara wa'azi zai zama, kuma bakin da ya ba da shaidar ƙarya a coci bai cancanci yi wa kowa wa'azi ba.

Gaskiya ya sa rai. A ɓoye cikin zuciyarsa ya zaci tunda ya yi biyayya wata ƙofa za ta buɗe, ko gadi ne, ko sharar ofis. Fasto ma ya ce ya zuba ido ya ga abin da Allah zai yi. Ya zuba wanda ya rage masa, wata ya ƙare, ba abin da ya gani. Abu ɗaya ne kawai ya canja: idan ya sunkuyar da kai da safe, maganar nan ta daina zuwa. Shiru ne, amma shirun ba ya cizo.

Maman yara kuwa ta daina yi masa magana. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Takan ajiye masa abinci, ta ajiye maganin idon kusa da kwanon, ta koma ɗaure kaya. Matan kwatas sun daina amsa gaisuwarta, gidan yayanta kuma an ce kada ta taka.

Ranar tashi gida huɗu ne ke fitar da kaya a layi ɗaya. Ba direban da ya ara musu mota, sai haya suka ɗauko, 'yar ƙaramar akori-kura. Wata gwauruwa a cocinsu ce ta ba su ɗaki ɗaya a bayan gidanta, can bakin gari, kafin su ga abin da hali zai yi. Ƙaramar 'yar ta so a ɓalle ƙyauren da ke da zanen tsawonsu, aka ce kayan kamfani ne. Kaya suka cika motar, yaran suka matsu a gaba, ba wurin mutum biyu. Ya zare makullin gidan daga zoben ya ba mai gadi. Zoben ya rage ba komai a jikinsa, ya rasa yadda zai yi da shi, ya sa a aljihu.

Suka taka zuwa tasha da la'asar, ita a gaba da ƙullin labule a ka, shi a baya. Sai an tsallaka shataletalen kafin a kai. Suka tsaya a bakin kwalbatin nan, motoci na ta wucewa. Ba ta dube shi ba da ta yi magana, kuma maganar ita ce ta farko cikin sati huɗu.

"To yanzu me Allah ya ce maka?"

"Bai ƙara cewa komai ba," in ji shi. "Abin da zai faɗa ya faɗa tun bara. Ni ne na tsaya ciniki, wata ta biya da ƙugunta."

Ya duba hagu, ya ga hanya ta yi sarari, ya fara juya kansa zuwa dama a hankali yadda ya saba, ƙafarsa ɗaya ta riga ta sauka kan kwalta. Sai ya ji ta zagaya ta bayansa. Ta tsaya a damansa, inda ba ya iya ganinta, ta damƙe hannun rigarsa da ƙarfi har ƙumbarta ta shige shi.

"Tsaya," ta ce. "Akwai mota."

Ya tsaya. Doguwar bas ɗin ce ta wuce su cike da ma'aikata, wani saurayi a kan sitiyari, ba wanda ya danna ham. Da ta wuce Maman yara ta ja shi suka tsallaka, kuma har suka kai tasha ba ta saki rigar ba.